Shingen da Aka Dasa da Sunan Marka

Tsambawa mutanen kurmi ne. Ba su da doki, ba su da raƙumi, kuma a duk ƙasarsu babu fili mai faɗin da mutum zai tsaya ya hangi inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa. Doya suna da ita, da gwaza, da manja, da zuma, naman daji kuma ba ya yanke musu. Abin da suka rasa shi ne gishiri. Sai fatake sun ɗauko shi daga ƙasashen yamma, su karɓi goro da zuma su koma.

Ya kamata mu fara sanin yadda ƙasar take, domin wanda bai san ta ba zai yi mamakin abin da ya same su. Daga arewa, Kurmin Tsambo ya jingina da wani dogon dutse mai santsi wanda ko biri ba ya hawa. Daga kudu akwai Baƙin Kogi, ruwa mai ƙarfi da ba a shiga da jirgi. Daga gabas akwai Fadamar Haɗiya, samanta kore shar kamar gonar shinkafa, ƙarƙashinta kuwa taɓo ne mai haɗiye ɓauna har ƙaho. Ta yamma kaɗai ake shigowa, daga ƙasar Fako, inda itatuwa ke ƙarewa ciyawa ta fara. A tsakiyar kurmin, manyan itatuwan da ake kira rufa-sama sun haɗa kawunansu, har rana ba ta samun ƙasa sai ta take tsaka. A jikin waɗansunsu karara ke naɗewa, wato igiyar nan mai kwanso mai gashi. Idan ta bushe aka kaɗa ta, gashin ya sauka a jikin mutum, sai ya yi susa har ya fid da jini. Ko ƙaramin yaro a Tsambo ba ya zama a inuwar itacen da karara ta hau.

Birninsu ba shi da ganuwar ƙasa. Shinge gare shi, na wata ƙaya da suke kira ƙayar sarauta. Tana yin tsawon mutum a damina guda, wuta ba ta cin ta, idan aka sare ta kuma jan ruwa ke fita kamar jini. Al'adarsu ita ce, duk wanda ya hau gadon sarauta sai ya dasa nasa shingen a bayan na wanda ya gada, shingen ya ɗauki sunansa. Na sarkin da ya mutu ba a taɓa shi har abada. Na sarki mai rai kuwa, ranar da aka sare shi ranar sarautarsa ta ƙare, sunansa kuma ya fita daga jerin da maroƙa ke kira. Saboda haka duk wanda ya buɗe baki ya ce a sare shingen sarki mai ci, ya nemi tuɓe sarki ke nan, hukuncinsa kisa, ko wane ne shi. Sarkin kaɗai ke da ikon faɗar haka, kuma ba a taɓa yin sarkin da ya faɗa ba.

Sarki bayan sarki, shingayen suka yi ta kauri har kibiya ba ta tsallake su. Hanya guda aka bari ta yamma, siririya mai lanƙwasa, wadda mutum biyu ba sa jerawa a cikinta. Sunanta Maƙogwaro. Amma shingayen ba su haɗe ba. Siffarsu irin ta warwaro ce, bakinsa a buɗe wajen gabas, yana fuskantar fadama.

Da Sarki Mantau ya rasu, sarauta ta faɗo kan 'yarsa Marka, wadda ko famfara ba ta gama ba. Ƙanen mahaifinta, Waziri Dogara, shi ya riƙe mata ƙasa. Shi ne ya kawo shawara kada a wahalar da jama'a da zagaye birni, a dasa nata shingen a bakin warwaron kawai, ya zama ita ce ta cike abin da kakanni suka fara. Kowa ya yaba, tun da an daɗe ba a bin gabas. Aka yi kiɗa, aka dasa, ƙaya ta kama. Marka kuwa duk cikin sarautar ba abin da take so kamar safiyar fadanci, lokacin da maroƙa ke jero sunayen sarakuna, su ce Mantau, sa'an nan su ce Marka. A nan ne kaɗai take jin kamar har yanzu tana zaune kusa da babanta.

Bayan 'yan damuna sai Gagarau Sarkin Fako ya zo da rundunarsa. Bai yi ƙoƙarin shiga ba. Ya kafa sansani a bakin Maƙogwaro, cikin inuwar rufa-sama, ya zauna. Sa'an nan ya aiko jakadansa.

Jakadan, wani dogon mutum mai suna Barmo, ya iso fada rigarsa a yage, ƙaya ta zane masa hannuwa da wuya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗaga kai ya ce, "Gaishe ki Sarauniyar Tsambo, 'yar Mantau, mai birnin ƙaya. Ubangidana Gagarau, mai dawaki kamar fari, ya ce in gaya miki bai zo da fushi ba. Ya ga gidanki ƙofa guda gare shi, shi ne ya zo ya tsare miki ita. Abu biyu yake nema. Ki ba shi ɗa guda daga kowane gida su yi masa bauta, kuma daga bana duk goron kurmi ta hannunsa zai bi. Idan kin yarda, gishiri zai shigo gobe. Idan kin ƙi, shi ba ya sauri. Ya zo da iyalinsa, har ya sa an shuka masa kuɓewa."

Sarkin Baka Jatau, shugaban mayaƙan Tsambo, mutum ne gajere mai faɗin ƙirji da ba ya riƙe magana a ciki. Ya dubi jakada sama da ƙasa ya ce, "Jakada, wa ya yi maka wannan zane? Ko da kyanwa kuka yi kokawa a hanya? Ka nuna wa ubangidanka jikinka, ka ce masa wannan gaisuwa ce kawai kakanninmu suka yi maka."

Fadawa suka yi dariya. Barmo ya jira har suka gama, ya ce, "Kakanninku sun iya gaisuwa, Sarkin Baka. Sai dai na lura, yadda suke hana baƙo shiga, haka suke hana ɗan gida fita."

Dariya ta ɗauke. Marka ta juya wajen baffanta kamar yadda aka koya mata. Waziri ya sunkuya ya raɗa mata, ita kuma ta maimaita da ƙaramar muryarta: "Ka gaya wa Sarkin Fako mun ji. Tsambo ba ta ba da 'ya'yanta."

Da jakada ya tafi aka zauna shawara. Waziri ya ce a yi haƙuri, mutumin fili ba ya daɗewa a kurmi, sauro da zazzaɓi za su kore shi. Sarkin Baka ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara, gonakinmu suna waje, rumbunanmu suna ciki. Su suna ci daga gona, mu muna ci daga rumbu. Wanne ke ƙarewa? A bar ni in fita tun yarana suna da ƙarfin jan baka." Aka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata. A ƙarshe aka yarda ya fita.

Da hantsi aka busa ƙaho, mayaƙan Tsambo suka shiga Maƙogwaro ɗaya bayan ɗaya. A nan ne suka ga abin da ba su taɓa tunani ba. An yi hanyar ne domin maƙiyi ya shigo shi kaɗai ya tarar da jama'a na jiransa. Yau kuwa su ne ke fita ɗai-ɗai, Fakawa sun ja daga kamar rabin wata, masunsu a miƙe. Na gaba ya fita, aka soke shi. Na biye ya yi tuntuɓe da shi. Na baya ba su san abin da ke faruwa ba, suna ta turowa, na tsakiya suka rasa gaba suka rasa baya, ƙaya na yagar su hagu da dama. Da ƙyar Sarkin Baka ya sa aka busa ƙahon komawa. Ya dawo yana ɗauke da gawar ƙanensa a kafaɗa, ya ajiye ta a ƙofar fada.

Daga nan birni ya zama kamar tukunyar da aka kife. Gishiri ya fara ƙarewa, sa'an nan doya. Mutane suka koma cin ganyen rufa-sama dafaffe, lami. Ƙafafun tsofaffi suka kumbura, jijiyoyin samari suka riƙa ɗaurewa, maharbi ya ja baka hannunsa ya yi ta rawa. Idan mutum ya ɗaga kai ganye zai gani, idan ya duba gaba ƙaya zai gani, ko ta ina ya juya. Masu gadi da ke hawa ƙololuwar itatuwa sukan sauko su ce kuɓewar Gagarau ta yi fure. Daga baya suka ce ta yi 'ya'ya. Sauro bai kore shi ba.

Wata safiya aka taru a fada, kowa a sanyaye. Sarkin Baka ne ya fara magana. Ya ce, "Ranki ya daɗe, jiya na hau da kaina na duba sansaninsu. Wallahi abin ya ba ni dariya ya ba ni kuka. Mutanen nan a ƙarƙashin karara suka kafa tantunansu. Ta bushe, kwanso ya cika rassa, suna zaune a gindi suna shan iska. Da zan sami yadda zan kai samari bayan sansanin nan da sanduna kawai, da..." Sai ya tsaya. Ya sunkuyar da kai.

Marka ta dubi fadawa. Duk masu furfura sun sunkuya, kowa na kallon tabarmar da yake kai. Har kakarta, Iya Hakama, wadda ke zaune a bayan karaga, ta sami wani zare a zanenta tana ta ja.

Marka ta ce, "Baffa, ina da tambaya. Me ya sa duk awakin birni suka taru a shingena? Jiya na gan su. Suna tura kai cikin ƙaya har suna jin ciwo, an kore su sun dawo."

Waziri ya gyara zama ya ce, "Alama ce ta alheri, ranki ya daɗe. Ko dabba ta san inda albarka take. Mubaya'a suke kawo miki."

Sarkin Baka ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya ce, "Akuyata ba ta taɓa yi wa kowa mubaya'a ba, ko ni da nake ba ta dusa."

Waziri ya harare shi, ya ci gaba da murya mai nauyi. Ya ce, "Manyan Tsambo, ku saurare ni. Ni ne na sa aka ce ba mu ba da 'ya'yanmu, kuma ni ne yau zan ce mu sake tunani. Yara sun fara mutuwa a hannun iyayensu. Idan muka ba da ɗaya daga kowane gida, sauran za su rayu, gidan sarauta kuma ya tsaya. Gobe da hantsi jakada zai dawo. Ina ganin mu ce mun yarda."

Marka ta ce, "Baffa, gidan da ɗa guda ne da su fa? Kamar su Cindo, 'yar mai ginin tukwane. Ita kaɗai ce."

Waziri bai dube ta ba. Ya ce, "Gida gida ne, ranki ya daɗe."

Da aka tashi fadanci, Marka ta kama hannun kakarta ta ja ta har gabashin birni. Awaki na nan, sun rame, suna cusa hanci cikin ƙaya suna kuka. Iska na tasowa daga bayan shingen da wani wari-wari na laka.

Marka ta ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau ba wasa nake ba. Me ke bayan nan?"

Iya ta zauna a kan wani kututture ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Uwar masu gida, ni ba zan ce komai game da shinge ba. Wuyana ya tsufa, amma har yanzu ina son abina. Sai dai ban san dokar da ta hana tsohuwa ba da labarin ƙuruciyarta ba. Zauna."

Marka ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Iya ta ce, "Lokacin da nake kamarki, ta nan muke fita da safe, mu da ƙawayena. A fadamar can akwai wani itace, mai-yatsu ake kiransa, ganyensa ja ne ta ƙasa. Saiwoyinsa sukan shimfiɗu a ƙarƙashin taɓo, na wannan su riƙe na wancan. Wanda ya san shi zai taka daga gindi zuwa gindi, laka ba ta wuce masa gwiwa. Wanda bai sani ba, taku guda a gefe, shi ke nan. A tsakiya akwai kyauron gishiri. Mu yanko, mu shanya, mu ƙona, mu tace tokar, mu dafa ruwan har ya ƙafe. Gishiri ne toka-toka mai ɗaci-ɗaci, amma da shi aka raine ni. Da fatake suka fara kawo fari, sai muka riƙa jin kunyar namu, har ya zama gori a ce gidan wane da toka suke miya. Mutane suka manta. Awaki ne ba su manta ba."

"Hanyar a fadama ta tsaya?"

"Ina! Mai-yatsu ya bi gefen fadama ya zagaya bayan shingaye har yamma. Maharba ta nan suke bi su ɓullo wa ɓauna ta baya. Jatau ya san ta, ubansa ya bi da shi tun yana goye da kwari."

Marka ta ce, "Ashe kowa ya sani."

"Duk mai furfura."

"To me ya sa ba wanda ya faɗa?"

"Wa zai faɗa, 'yar nan? In Jatau ya faɗa, kafin ya rufe baki an ɗaure shi. In ni na faɗa, haka. A duk birnin nan baki guda ne doka ba ta ɗinke ba."

"Nawa?"

Iya ta ɗaga hannu biyu. "Ni dai labarin gishiri na bayar."

Marka ta dubi shingen. Ya fi ta tsawo nesa, amma kaurinsa bai fi na ɗaki guda ba. Ta ce, "In an sare shi, me zan zama?"

"Marka za ki zama. Da ma ita ce ke kafin a ɗora miki wannan kaya."

"Maroƙa ba za su ƙara kirana bayan Baba ba?"

Iya ta jawo ta jikinta. Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba za su kira ba. Daga Mantau sai wanda aka zaɓa, kamar ba a taɓa yin ki ba."

Marka ta yi kuka a cinyar kakarta har ta gaji. Iya ba ta hana ta ba. Da ta gama ta share fuska da gefen zane, ta ce a buga tambari.

Fadawa suka taru suna mamaki, domin ba a taɓa yin fadanci biyu a rana guda ba. Waziri ya matso zai sunkuya kunnenta kamar kullum, sai ta ɗaga masa hannu. Ta miƙe tsaye a kan karaga don kowa ya gan ta, ta ce, "Manyan Tsambo, ni Marka 'yar Mantau, na ce a sare shingena."

Waziri ya zabura ya miƙe. Ya ce, "Wa ya sa miki wannan magana a baki? Ranki ya daɗe, buɗe idonki ki ga wanda zai ci riba. Idan kin sauka wa za a zaɓa, in ba mai riƙe da baka ba? Gidan Mantau ya ƙare ke nan. Dogarai, ku kama Sarkin Baka!"

Dogarai suka motsa. Marka ta ce, "Ku tsaya. Baffa, Sarkin Baka bai gaya mini komai ba. Awaki ne suka gaya mini. In kamu za a yi, a kama su."

Wani tsoho ya yi dariya, ya yi maza ya rufe baki. Waziri ya durƙusa a gabanta, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Marka, 'yar yayana. Babanki yana kwance ciwon ajali ya riƙe hannuna ya ce in tsare miki kujerar nan. Kada ki sa in ci amanarsa."

Ta ce, "Ka tsare, Baffa, na gode. Amma in na zauna a kanta gobe, Cindo za ta bi Maƙogwaro da igiya a wuya. Ba na so." Ta juya ga jama'a. "Doka ta ce ina nan sarauniya har haske ya ratsa shingen. To kafin ya ratsa, ga umarnina. Sarkin Baka, ka ɗauki duk wanda ke iya tafiya ka bi fadama. Baffa, gobe idan jakada ya zo, ka zaunar da shi. Duk Tsambo ba wanda ya kai ka tsawon magana. Ka yi ta ciniki da shi har rana ta take, kada ya koma da wuri."

Waziri ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya sa goshi a ƙasa ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Aka kawo gatari. Bisa al'ada sara na farko da hannun mai shingen za a yi shi. Gatarin ya yi mata nauyi, sai da ta ɗaga da hannu biyu, ta sara, ya zame. Ta sake. A karo na gaba ya kama, jan ruwa ya yi tsartuwa ya ɓata mata farin zane. Mata suka yi salati suka kau da kai. Daga nan maza suka karɓa da adduna, suna sara suna ja da ƙugiya, hannuwansu duk jini, nasu da na ƙaya. Kafin rana ta faɗi sai wani siririn haske ya shigo daga gabas, tare da iska mai sanyi. Awaki ne suka fara kutsawa. Marka ta zare warwaron sarauta daga hannunta ta miƙa wa Iya.

Da gari ya waye Sarkin Baka ya fita da mutanensa. Kowa ya shafe jikinsa da manja ya bi da laka, har fuska, don kada gashin karara ya kama shi. Suka bi jajayen ganye daga gindi zuwa gindi, kowa na taka sawun na gabansa. Wani saurayi da yunwa ta sa jiri ya ɗebe shi ya kauce, taɓo ya kama shi har ƙirji, da ƙyar aka jawo shi da baka. A hanya suka riƙa karyar kyauro suna tsotsa, ƙarfi na ɗan dawo musu.

A fada kuwa Waziri ya zaunar da jakada Barmo, ya fara da tarihin zumuncin Tsambo da Fako tun daga kakan kakansa. Da ya gama ya tambaya ko gidan da ke da tagwaye ɗaya zai bayar ko biyu, ko maraya gidan wa za a lissafa shi. Barmo ya yi ta gumi yana amsawa.

Rana na takewa, iska ta taso, samarin Tsambo suka hau itatuwan bayan sansani, suka shiga dukan karara da sanduna. Gashi ya sauko kamar hayaƙi. Da fari Fakawa suka ɗauka ƙura ce. Sai wani ya fara susa, sai na kusa da shi. Kafin a jima jarumai sun yar da garkuwa suna tuɓe sulke, suna birgima a ƙasa. Dawaki suka haukace suka tsinke igiyoyi, suka bi ta kan tantuna. Sa'an nan kibau suka fara sauka daga sama, daga inda ba wanda ya taɓa zaton maƙiyi. Masu tsaron bakin Maƙogwaro suka juya baya don su ga abin da ke faruwa, sauran Tsambawa da ke jira a ciki suka fito musu. Gagarau ya haye doki ba sirdi ya nufi fili, rundunarsa na biye da shi a warwatse. Suka bar hatsi, da buhunan gishiri, da gonar kuɓewa.

Da aka zauna zaɓe, abin da Waziri ya faɗa shi ya faru, Jatau aka naɗa. Kafin ya hau karaga ya zo inda Marka ke zaune cikin jama'a a ƙofar fada, ya tsuguna a gabanta. Ya ce, "Uwar ɗakina, dole ni ma in dasa nawa. A ina kike ganin zan sa shi?"

Ta ce, "Ko'ina, Sarki, ban da gabas."

Ya ce, "Ban da gabas. In na manta, akuyata za ta tuna mini."

Aka buga tambari, maroƙa suka fara jero sunaye tun daga na farko. Marka na zaune a ƙasa, Cindo a gefenta ta riƙe mata hannu. Iya ta miƙo musu ɗan gishirin toka da ta dafa da safen nan a cikin ganye. Marka ta lasa, ta ɓata fuska don ɗaci. Maroƙa suka iso Mantau. Ta riƙe numfashi. Suka ce Jatau.

Abin ya yi mata zafi kamar yadda Iya ta faɗa, bai ragu ba ko kaɗan. Amma tana duban tsofaffin da ke kewaye, waɗanda kwanakin baya suke kallon tabarma, yau suna kallon ta ido da ido. A nan yarinyar ta gane cewa tun ranar da Gagarau ya sauka duk sun san hanyar fita, kuma sun zauna suna ramewa ne suna jiran mutum guda da doka ta yarda ya faɗa. Ta gane cewa wannan maganar ita ce aikin da aka naɗa ta domin shi, kuma ta yi shi.